Tudun da Aka Ce Mana na Aljanu Ne

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, an sallame la'asar ke nan, muna zaune kan tabarma a ƙofar gidan mai unguwa. Waɗanda ke wurin su ne ni, da mai unguwa, da ɗan ƙanena wanda ya gaji gonar mahaifinsa, sai wasu baƙi biyu da suka zo kan babur ɗaya daga Kankiya. Ɗaya ya ce shi malamin sakandare ne, tarihi yake koyarwa. Ɗayan bai ce shi wane ne ba. Ya gaishe mu a taƙaice, ya zauna bakin tabarma da takalmi a ƙafarsa, waya a hannu, idonsa a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Malamin ya ce da ni, "Baba, muna bin ƙauyuka ne muna rubuta tsofaffin wurare kafin su ɓace. Ganuwa, marina, rijiya, kufai, duk abin da ya saura. An ce mana in labarin da ake nema, kai za a tambaya."

Na ce, "Wa ya ce maku?"

Ya ce, "Mutane, a kasuwa."

Na ce, "Kasuwa ba ta da baki. Wane mutum?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Mai unguwa ya ce, "Ku yi haƙuri da shi, tsohon duba-gari ne. Ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa randar da aka ɗebo."

Malamin ya gyara zama ya ce sun ji akwai wani tudu kusa da gari wanda ba a nomawa. Kafin in buɗe baki ɗan ƙanena ya riga ni. Ya ce, "Tudun aljanu? Ai ku hanzarta in za ku gani. Da an kai gero gida masu tipa za su fara kwasar marmara a wurin. Mun gama magana da su, tunda da gonata yake haɗe."

Ran nan na fara jin wannan magana. Ban nuna a fuska ba. Na ce wa baƙin yamma ta yi, su koma, in akwai abin faɗa za a neme su. Amma ni kaɗai ne a wurin na san abin da ke ƙarƙashin marmarar da za a kwasa.

Ni mutum ne mai son a fara abu daga farkonsa, don haka bari in koma baya. Ba zan faɗi sunan garinmu ba. Ya isa a sani muna cin kasuwar Kankiya, kuma in magana ta fi ƙarfin mai unguwa Kusada ake kai ta.

Sa'ad da muka tashi, ba agogo ke tashinmu ba. Da fari zakara, sannan tarin liman yana bin lungu zuwa masallaci, sannan guga na bugun bakin rijiya, sannan turame su ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, har kana iya gane matar da ta makara daga inda lugude ya yi giɓi. Kafin hantsi an kwance awaki, an share turke, an ɗora wa jaki mangalar taki. Da damina muna korar tsuntsu a gero har muryarmu ta dishe. Da rani mu yi yankan kara, mu kakkaɓo magarya da aduwa, mu bi gafiya har raminta. Babu gonar da ba mu ratsa ba, babu icen da ba mu hau ba, ba wanda ke tambayarmu ina muka je muddin awaki sun dawo da cikinsu cike. Wuri ɗaya kawai aka hana mu, shi ne tudun nan. Ba wani babban tudu ba ne, in kana tahowa daga nesa kukokin da ke kansa za ka fara gani kafin ka lura ƙasa ta tashi. Sabara da geza sun rufe shi, ƙasarsa baƙa ce, kuma bayan ruwa tsingaro kan gangaro har bakin hanya. Aka ce mana garin mutanen ɓoye ne. Aka ce da tsakar rana ana jin daka a ciki. Aka ce wani ya taɓa sarar kuka a wurin, bakinsa ya koma ƙeya. Ba mu taɓa ganin mutumin ba, kullum ɗan wani gari ne, amma ba mu nemi ganinsa ba. In akuyarka ta haye tudun, ka zauna ƙasa ka yi ta kiranta har ta ga damar saukowa, ko da za ka sha bulala a gida don ka daɗe. Tsofaffi kan ce, yaron da ke tambayar dalilin hani, shi ke fara gwadawa. Saboda haka ba ma tambaya.

Shekarar da aka yi mani aure aka yanka mani gayauna, na fara kallon ƙasa da idon magidanci. Na ga tamu ja ce mai cin taki, ta tudun baƙa ce tana kwance a banza. Wata rana muna cin tuwo na ce wa Baba Babba, yayan mahaifina, wanda shi ke riƙe da gandu a lokacin, ashe ba za a samu malami ya roƙi aljanun nan su matsa mana ko kunya goma ba? Ya ci gaba da cin tuwonsa. Washegari an kwana da ruwan shuka, kowa ya ɗauki sungumi, sai ya ce da ni, "Ajiye wannan. Sa hularka ka biyo ni."

Da muka isa gindin tudun ya tuɓe takalminsa ya riƙe a hannu, ya dube ni har na tuɓe nawa. Na ɗauka zai karanta abin tsari. Sai na ji ya yi sallama irin wadda ake yi in an shiga maƙabarta. Muka hau, shi yana tafe kamar mai shiga gidan ubansa. Da fari ya tsaya a wani kwari inda ciyawa ta fi ko'ina kore, ya ce nan rijiya take. Muka matsa gaba, ya sa sandarsa ya share ƙasa, sai ga bakin rami zagayayye, ga wani kusa da shi, ga wani. Ya tono ƙasar ciki ya murza mani a tafin hannu, toka-toka ce mai ɗan shuɗi. Ya ce marina ce. Daga nan ya nuna mani layin duwatsu da ya tafi miƙe sannan ya yi ɗan ciki ta gabas, ban jira ya faɗa ba na gane alƙibla ce. Bayan masallacin kuwa, cikin sabara, ga ƙananan duwatsu jere, biyu-biyu, ɗaya kudu ɗaya arewa, tsakaninsu tsawon mutum.

Ya ce, "Nan garin yake kafin rijiya ta ƙafe a sauka inda muke. Wanda ya haifi kakana yana cikin layin nan. Na liman da na mai unguwa duk suna nan. Musulmi ne, da salla aka sa su."

Na ce, "To Baba, aljanun fa?"

Ya ce, "Aljanu ina ne babu su? Har ɗakin amaryarka akwai. Amma ba su suka hana noman wurin nan ba. Mu muka hana."

Na ce, "Mi ya sa ba a gaya wa mutane gaskiya ba?"

Ya ce, "In ka ce kabari, mai tsoron Allah kaɗai ka kora. Boka na son ƙasar kabari. Mai kwaɗayi da ya ji tsohon gari zai ce an binne tukunyar azurfa. Amma in ka ce aljani, ka kori mai tsoron Allah da marar tsoronsa gaba ɗaya." Ya ce mutum ɗaya ake gaya wa a kowane zamani, domin magana in ta wuce mutum biyu ta zama ta kasuwa. Ya ce in na ji ƙafata ta fara nauyi, ni ma in zaɓi nawa ɗaya in kawo shi da hantsi, in fara masa daga rijiya. Muka sauko, muka sa takalma, muka tafi shuka. Bai ƙara tada maganar ba har ya koma ga Allah.

Ina tsakiyar aikin duba-gari na ga amfanin dabararsu da idona. Wasu mutane masu ladabi suka riƙa yawo a ƙasarmu da abin ɗaukar hoto, suna durƙusa wa tsofaffi, suna cewa tarihi suke so. A wani ƙauye ta wajen Sukuntuni wani dattijo ya ji daɗin an tambaye shi, ya kai su kufan kakanninsa ya nuna masu komai. Ba a daɗe ba wasu suka biyo sawunsu da diga da shebur. Na je wurin da kaina don an kawo ƙarar ramuka na tara ruwa. Na ishe kufan kamar an yi sakar zuma, rami kan rami, tukwane a farfashe, ƙasusuwa a fili. Aka ce sun fitar da wasu kawunan yumɓu a buhu, ba wanda ya san inda suka nufa. Saniyar wani ta faɗa ɗaya daga ramukan ta karye. Dattijon bai ƙara zama a bainar jama'a ba. Masu digar sun zo namu tudun su ma, suka nemi lebura a gari, ko mutum ɗaya bai yarda ya hau ba. Leburorin da suka zo da su daga nesa, da suka ji labarin mai baki a ƙeya, suka ce a sallame su. Ran nan na yi wa Baba Babba addu'a mai tsawo. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo mani da maganar tarihi, hannunsa nake fara kallo kafin bakinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle.

Yanzu dubi yadda abin ya koma. Turmi ya yi shiru, injin niƙa ke tashinmu. Malamai sun yi wa'azi cewa Musulmi ba ya barin ƙasar Allah don tsoron aljani, kuma ba su yi ƙarya ba, ba ni da bakin musa masu. Gandu ya watse, gonar da mutum ɗaya ya noma yau jikoki sun yanka ta kamar ƙosai, kowa na neman inda zai ƙara kunya ɗaya. Garmar shanu ta riƙa cin gindin tudun kaɗan-kaɗan kowace damina. Samari suka gano a samansa ne waya ke samun sabis, sai ka hango su da yamma zaune kan duwatsun nan suna hira da 'yan matansu, ba su san kan wa suke zaune ba. Ni kuwa na cika abin da aka ɗora mani. Na zaɓi ƙanena, don gonarsa ce ke jingine da tudun, na kai shi da hantsi na fara masa daga rijiya. Ya riƙe amana, ya hana garma wucewa ta ɓangarensa. Sai Allah ya ɗauke shi ya bar ni, ƙane ya riga wa. Ina cikin duba wanda zan zaɓa a bayansa, cikin samarin da ba sa iya riƙe magana daga masallaci zuwa shago, sai ga maganar tipa.

Bayan tafiyar baƙin na auna abin ta kowane gefe. In na yi shiru, katafila za ta kwashe iyayenmu a zuba su a hanya motoci na bi. In na gaya wa baƙi, na san abin da ya biyo bayan masu ladabi a wancan karo. Ban gama aunawa ba matan da suka je itace suka ce sun ga baƙon nan marar magana shi kaɗai a gindin tudun, yana tsintar tsingaro yana sawa aljihu. Na sa mai unguwa ya kira malamin a waya ya ba ni.

Ya ce, "Baba, abokina ne, hoto yake ɗaukar mani. Ba shi da wata manufa."

Na ce, "A garinku aljihu ake sa hoto?"

Ya ce zai yi masa magana. Na ce ya yi masa, kuma kada in ƙara ganin ɗayansu gabas da rijiyar gari, wajen tudun, sai na aika.

Daga nan na yanke shawarar da ba wanda ya taɓa yankewa a gidanmu. Tunda tsoro ya ƙare, sai gaskiya. Ranar Asabar da hantsi na tara mai unguwa da liman da ɗan ƙanena da magidantan gari, ban da baƙo ko ɗaya. A gindin tudun na tuɓe takalmi na yi sallama da ƙarfi don kowa ya ji. Na bi da su yadda aka bi da ni, rijiya, marina, masallaci, sannan layin duwatsu. Na faɗi abin da Baba Babba ya faɗa ban rage ba ban ƙara ba. Na zaci in na gama za a yi shiru a ɗaga hannu a yi fatiha.

Ɗan ƙanena ne ya fara magana. Ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma duwatsu ne. Ina ne babu duwatsu a ƙasar nan?"

Na ce, "Ka taɓa ganin duwatsu sun jera kansu kudu da arewa?"

Ya ce, "Ubana ya noma gefen nan har ya mutu, bai taɓa ce mani kabari ba. Aljanu ya ce mani, kamar yadda kai ma ka ce mani ina yaro. Ɗakunana biyu sun zube da daminar nan, iyalina na kwana a zaure. Da mi zan tada su?"

Wani daga baya ya ce, "Tun muna yara kuke ce mana aljanu. Yau da aka ce tipa, sai suka zama kakanni?" Wani ya ce, "Su ma aljanun an yi masu ritaya ne, kamar duba-gari." Aka yi dariya. Na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa tsohon na da jikoki, wataƙila wurin yake so ya killace masu. Ni da na ƙare rayuwata ina zargin baƙi, ga ni tsaye ba takalmi 'yan garinmu na zargina.

Wani ya ce a kawo diga a buɗe ɗaya a gani, gani ya kori ji. Liman ya ɗaga hannu ya ce ba a tona kabari don gwaji, in ya tabbata kabari ne wa zai ɗauki alhakin? Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ban ƙaryata ka ba. Marina na gani, alƙibla na gani. Amma tsohon gari daban, maƙabarta daban, kuma haƙƙin yaron nan ne za a hana shi. Bakinka ɗaya ne. Ka kawo na biyu wanda ba a gidanka yake ci ba, ni da kaina zan je Kusada tare da mai unguwa a tsayar da aikin."

Na ce, "Allah gafarta malam, na biyun yana kabari. Haka aka tsara abin."

Ya ce, "To waɗanda suka tsara sun bar ka da aiki."

Ɗan ƙanena ya yarda zai jira har gero ya shiga rumbu, bai ƙara ko yini ɗaya a kai ba. Ban ga laifinsa ba. Magabatanmu sun yi wa wurin ƙofa mai ƙarfi, ta tsare shi zamani bayan zamani, amma mabuɗi ɗaya suka yanka mata, kuma ba su yi tunanin ranar da za a ce wa mai mabuɗin ya kawo shaida ba.

Da na koma gida na kasa cin abinci. Uwargida ta tambaya na gaya mata, tunda abin ya riga ya fita. Ta ajiye ludayi ta ce, "Ku maza kun ɗauka ku kaɗai Allah ya ba kunne. Ina amarya, in mun je ɗibar ganyen kuka gefen tudun, gwaggonka takan tuɓe takalmi ta motsa baki. Na tambaye ta, ta ce ba nawa ba ne, na ɗiyanta mata ne, su za ta gaya wa." Na koma wa liman da wannan. Ya ce, "Uwargida a gidanka take ci, kuma motsin baki ta gani, ba magana ta ji ba. Nemo ɗiyan gwaggo." Na nema. Wadda aka kai aure Ƙofa ta rasu. Wadda aka kai Bauranya ta rasu, 'ya'yanta da na samu maza ne, ba su san komai ba. Sauran an ce wata Kano, wata har Maraɗi, zuriyarsu ko a hanya muka haɗu ba zan gane su ba.

Malamin tarihin ya dawo, wannan karo shi kaɗai, ya tuɓe takalmi kafin ya hau tabarma. Ya ce ya ji abin da ya faru, in na rubuta zai kai inda mutane da yawa za su karanta. Na ce da sharaɗi. Babu sunan gari, babu hoto, babu kwatancen hanya, kuma in ya buga sai ya karanta mani na ji bai taɓa ko kalma ɗaya ba. Ya yarda. Har yanzu ban gama yarda da shi ba, tsingaron da abokinsa ya kwasa ma bai dawo ba. Amma karatuna na elementare ne, muryata ba ta wuce ƙofar gida, kuma ba ni da wani jakada sai shi.

Saboda haka, kai mai karatu, ko ke mai karatu, ga roƙona. In kakarka ko mahaifiyarka daga ƙasar Kusada aka ɗauko ta, ka je ka zauna gabanta yau ka tambaye ta ko an taɓa gaya mata wani tudu mai kukoki da ake yi wa sallama. In ta rasu, ka tambayi 'yan'uwanka mata, wataƙila su aka gaya wa. In ka samu ko jimla ɗaya, ka zo Kusada ka tambayi masu sayar da hatsi inda ake jayayyar tudu da tipa, sun sani. Na san mai diga ma ya iya karatu, don haka kada ka ji haushi in an tsare ka a bakin gari an tambaye ka sunan kakarka da gidan da aka ɗauko ta kafin a ba ka wurin zama. Ka zo da rana, ka zo da amsar, ka faɗe ta gaban liman. Gero ya riga ya ƙosa, maƙwabta sun fara yaɓen rumbu. Don Allah kada ka bari sai bayan girbi.